Sunan da Na Raɗa wa Jikana

A garinmu yanzu, in kana son sanin wanda ke tashe a ƙasar nan, kada ka wahalar da kanka da rediyo, je ka gidan suna. Shekarar da wani ɗan ƙwallo ya yi fice, yara uku a layinmu sunansa suka ci. Haka gwamna, haka malamin da ake tura wa'azinsa a waya, har mawaƙin siyasa. Ni ina gefe ina cewa wauta ce. Ban san za ta shigo har zaurena ba.

Akwai wani mutum da ake nunowa a talabijin yana magana a majalisa a Abuja. Ba ɗan nan ba ne, daga wata jiha aka zaɓe shi. Amma ubansa malamin gona ne da aka taɓa turowa nan garinmu Ajingi, saboda haka benci ɗaya muka zauna da shi tun daga aji uku na firamare har muka shiga sakandare a Gaya. Lissafi ni nake yi masa. Ba cika baki ba ne, akwai masu rai da za su shaida. Da kuɗin tararsa yake sayo mini ƙuliƙuli don in bar shi ya kwafa. Muna aji biyu mahaifina ya rasu, aka ce gonar gyaɗa ba ta jiran mai jarrabawa, na dawo gida. Shi kuma aka canja wa ubansa wurin aiki, suka tafi. Yau shi ana buɗe masa ƙofar mota, ni ina auna gyaɗa a kasuwa, ina rigima da mata a kan cikar kwano.

Kuskurena shi ne na cika ba da labarinsa. Duk sanda ya bayyana a talabijin ɗin mai shayi sai in ce, "Wannan da kuke gani, bai iya sau bakwai ba sai da na koya masa." Don in rage masa tsawo nake faɗa. Ashe babban ɗana yana ji, yana ɗaukar wani abu dabam, wai ubansa yana da hanya a Abuja.

Yaron nan ya yi difloma, bai sami aiki ba, yana riƙe da shagon cajin waya a Gaya. Wata Talata da hantsi matarsa ta haihu, namiji, jikana na fari. A gidanmu ba a ma tambaya, namijin fari sunan kakansa yake ci. Ni sunan kakana nake ɗauke da shi, ɗana kuma na mahaifina. Har na fara jin daɗin yadda za a riƙa ce wa jaririn Baffa don kunyar ambaton sunana.

Bayan azahar ya same ni a zaure, ya durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, dama shawara ce, a kan sunan yaron nan. Na ce ko za a sa masa sunan abokinka."

"Wane abokina? Abokaina duk suna kasuwa."

"Onarabul."

Na dube shi. "Ya san kana duniya?"

"Zai sani. Akwai wanda ya san mai riƙe masa waya. In aka ce masa ɗan abokinsa na ƙuruciya ya yi masa takwara, ai ba zai ƙi saurare ba. Baba, shekara shida takarduna suna cikin akwati."

"Wato ni sunana ba ya buɗe ofis."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ne mana. Faɗi kanka tsaye."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Can ya ce, "Na gaba in Allah ya kawo, naka ne."

"Na gaba. In shiga layi ke nan, kamar rabon taki."

Na shiga cikin gida ina huci, na faɗa wa uwarsa, ina zaton za ta goyi bayana. Ko ɗago kai ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba.

"Malam, kai ka jawo. Kullum Onarabul, Onarabul, sai ka ce kai ka haife shi."

"Zaginsa nake yi."

"To yaro bai ji zagin ba, sunan ya ji."

Don a wanke mini zuciya, sai aka ce ni zan yi wa jaririn huɗuba. Uwargidana ta kawo mini shi zaure a naɗe cikin zane, ta ajiye dabino, ta koma. Uban kuwa kunyar ɗan fari ta fitar da shi waje. Daga ni sai jaririn. Na yi masa kiran salla a kunnen dama, na yi iƙama a na hagu, saura suna.

A nan Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Ba mai jin abin da zan raɗa. In na faɗi sunana, na fito na ce na riga na yi, wa zai warware? Ɗana ba zai yi musu da ni a gaban mutane ba, na san shi. Kuma hakkina ne. Mutumin can yana da gida a Abuja, yana da hotonsa a jikin motoci, yana da masu tashi tsaye in ya shigo. Ni abu ɗaya nake da shi da zan bar wa baya, shi ma sai ya karɓe yana can bai ma sani ba?

Ta ƙofar zaure ina hango ɗana a zaune a kan babur, ya zuba wa ƙasa ido. Ranar da aka cire ni daga makaranta, da akwai ƙofar da mahaifiyata za ta ƙwanƙwasa, ko ta waye, da ta ƙwanƙwasa, ba ruwanta da kunya. Shi wannan ce ƙofar da yake gani. Ni ban yarda za ta buɗe ba. Amma in na toshe ta da hannuna, duk ranar da ya buɗe akwatin takardun nan ni zai tuna.

Na kai bakina kunnen jaririn na faɗi sunan mutumin. Kamar na tauna maɗaci. Na lasa masa dabino, na kira a zo a ɗauke shi.

Ranar suna liman ya tambaye ni sunan, na tura ƙanena ya faɗa masa. Rago daga turkena aka kwance shi, don ba abin da ya zo daga Abuja. An tura hoton jariri da doguwar gaisuwa. Sai bayan wata biyu mai riƙe wayar ya aiko da saƙon murya: Onarabul ya gode, Allah ya raya, a turo takardu, kuma yana tuna Ajingi ƙwarai. Sau uku na sa aka kunna mini. Ajingi yake tunawa. Ba inda aka ce a gaida wanda suka zauna benci ɗaya.

An tura takardun. Ɗana har yanzu yana cajin waya, yana cewa ana kan magana.

Yaron yanzu ya fara tafiya. Duk gidan Onarabul ake ce masa, har maƙwabta. In na dawo daga kasuwa sai in ji matan suna cewa, "Onarabul, ga kakanka," ya taho yana tangaɗi ya riƙe mini ƙafa, in ɗauke shi, don shi ba ruwansa. Ni "kai" nake ce masa, ko "ɗan nan". Sunan kuwa sau ɗaya ya fita daga bakina, a kunnensa, kuma ya isa.