Yaɗiyar Kulu ta Bakin Kwalbati

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Kulu mai kwaɗo a gardama, shi ma Hambali majemi ne ya yi ta, kuma har ya mutu ba ta yafe masa ba. Tana amarya ta tsinko ganye cike da ƙwarya, ta ce yaɗiya ce. Hambali ya leƙa ya ce, "Amarya, wannan fataka ce, da ita muke tuge gashin fata." Ta rantse, ya rantse, mutane suka taru. Sai ya kirɓa ganyen, ya jiƙa fatar akuya a ciki. Kwana biyu ta fito sumul kamar tafin hannu. Ya ce, "Allah ya tsare gemun angonki."

Daga ranar Kulu ta zama malama. Ko da ido rufe za ta gaya maka: fataka ganyenta faffaɗa ne mai gashi, ka karya ta zubo farin nono. Yaɗiya kuwa ganyenta ya fi tsayi, furenta ƙanana cunkus, ruwanta garai-garai.

Da aka haƙa hanyoyin ruwa aka share dajin Bunkure, kowa ya koma tumatir da alkama, yaɗiya ta yi wuya. Guda ɗaya ta rage mata, ta nannaɗe wata aduwa a bakin kwalbati. Da ita Kulu take yin kwaɗon da take ci take sha da shi.

Ran nan sai ga Garzali malamin gona a kan babur, da leburori da adduna, wai a share bakin ruwa. Kulu ta tsaya a gaban yaɗiyarta.

"Iya, matsa. Wannan dangin tumfafiya ce, guba ce. Mun karanta."

Kulu ta karya reshe ta kai masa har hanci. "Ina nonon, malam?"

"Iya, ba a nan take ba. A takarda..."

"Kai ba ɗan Fatu ba ne na Kura?"

Ya ce shi ne.

"To je ka tambaye ta abin da na dafa mata kwana arba'in, da nononta ya ƙafe kana tsumma. In guba ce, kai ne gawa ta farko da na gani tana tuƙa babur."