Baiwa Mai Girki da Kyautar Natsuwa

An haifi Baiwa a wata unguwa da ke gefen Wagini, a shekarar da ba wanda ya rubuta. Ubanta manomi ne daga gidajen da suka daɗe a kan al'adar kakanni, ya musulunta tana goye. Don haka ta tashi ta iya salla, ta kuma san sunan duk ganyen da kakarta ke jiƙawa. Ba ta yi boko ba. Ta yi aure a Runka, ta haifi shida, huɗu suka rayu. Da mijinta ya rasu, zuwa gona kuma ya zama abin da sai an yi shawara, ta tattara tukwanenta ta dawo cikin Batsari wurin ɗanta Badamasi mai gyaran babur. Nan aka ɗauke ta girkin abincin yara a firamaren da nake hedimasta.

Ni na san yaran makarantar da rajista. Ita ta san su da kwano: wanda ke zuwa da yunwar jiya, wanda ke ɓoye rabonsa a aljihu don ƙanensa, wanda ke shiga layi sau biyu da fuska ɗaya.

Shekarar da mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa gari, an kawo mana sababbin yara kusan arba'in a zango guda. Cikinsu akwai Hassana, 'yar shekara tara, goggonta Zulaihat ce ta kawo ta. Na tambayi ina Usaina, kamar yadda kowa ke yi in ya ji sunan 'yan biyu. Goggon ta ce Usaina ta rasu a hanya ranar da suka gudo, Hassana na riƙe da hannunta. Na ce Allah ya jiƙanta, na rubuta suna ɗaya, na tura yarinyar aji uku.

Hassana ba ta magana. Ba ta tsokana, ba ta kai ƙara, ba ta neman izinin fita. Abin da aka rubuta a allo za ta kwafe shi tsaf. In malami ya fita aji ya kaure da hayaniya, ita tana zaune hannu a cinya. A aji mai yara tamanin, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Malam Yusha'u, malamin ajin, ya rubuta mata “mai natsuwa” a katin sakamako, ni na ƙara “ƙwarai” na sa hannu. Ƙarshen zango muka ba ta kyautar ɗalibar da ta fi kowa natsuwa, bokitin roba shuɗi da littattafan rubutu shida. Na yi jawabi, na ce wa sauran su yi koyi da ita. Aka tafa.

Da aka dawo hutu Baiwa ta zo ofis. Ta cire takalmi, ta gaishe ni da kwana da gajiya da iyali da aiki, sannan ta ce yarinyar da muka ba bokiti ba ta da lafiya. Na ce ban ji an ce tana zazzaɓi ba. Ta ce ba jiki take nufi ba. Kullum in ta zuba mata shinkafa da wake, sai yarinyar ta sa yatsa ta ja layi a tsakiyar kwanon, ta ci rabi, ta tura sauran gefen damanta, ta zauna har a kaɗa ƙararrawa. Na ce ai wannan tarbiyya ce, yaran yanzu haɗama ta yi musu yawa.

“Ranka ya daɗe, yara shida na shayar,” in ji ta. “Mai tarbiyya loma yake ragewa. Ba ya raba kwano biyu ya zauna yana jiran wani.”

Ta ce ba Hassana kaɗai ba ce. Ta ambaci Kamilu na aji huɗu, wanda in babura suka wuce a jere sai ya fita ta taga. Na san Kamilu, don ni nake zane shi kan gudun aji. Ta roƙi in ba ta ɗan ɗakin ajiya da ke jikin madafa, yaran da suka ga abin da suka gani su riƙa zama da ita lokacin hutun tara. Na ce za a duba. A yaren ofis wannan na nufin tana iya tafiya, ta kuwa tafi.

Mako biyu bayan haka takarda ta zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Wata ƙungiya za ta turo nas da aka horar kan zama da yaran da suka ga tashin hankali, sau ɗaya a mako, amma makarantu uku kawai za ta iya zagawa, waɗanda suka fi buƙata. Da Turanci aka rubuta takardar, tana tambayar yara nawa ne ke da matsalar ƙwaƙwalwa. Na yi Turanci a kwaleji, don haka na fassara wa kaina: masu taɓin hankali. Na zauna na yi nazari da gaskiya. Ba mu da yaron da ke yaga riga, ba mai jifan mutane, ba mai yawo kasuwa yana magana shi kaɗai. Na kuma tuna bakin mutanen gari, da za a ce makarantar Hedimasta Armaya'u ta mahaukata ce, da iyayen 'yan mata da za su zo su tsaya mini a kai. Na rubuta kalmar Turanci mai harafi uku da ke nufin babu, na buga hatimi. Daga teburina zuwa murhun Baiwa taku talatin ne. Amma takardar ta ce a cike ta da shawarar malamai, mai girki kuwa ba malama ba ce.

Nas ɗin, sunanta Esther, ta fara aiki. Kowace Talata tana wucewa ta ƙofarmu a babur, muna ɗaga wa juna hannu.

Baiwa ba ta san da takarda ba. Da ba ta samu ɗaki ba, sai ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedin da ke bayan madafa, ta zuba wake a faifai, ta kira yara su taya ta tsinta. Ba ta tambayarsu komai. Ita ke ta surutu, tana ba su labarin 'ya'yanta biyu da suka rasu, da sunayensu, da wanda ke ƙin tuwon dawa, da yadda har yau takan manta ta auna tsaba da su. Sau ɗaya na je na tuna mata cewa doka ta hana sa ɗalibai aiki. Ta ce to, ta matsa mini in zauna. Ban zauna ba.

An yi wata biyar a haka. Wata rana Baiwa ta miƙa hannu za ta ɗauki waken da Hassana ta ware gefen dama, sai yarinyar ta dafe shi.

“Na Usaina ne.”

Baiwa ba ta ɗago kai ba. “To a bar mata. Da manja take so ko da man gyaɗa?”

“Manja.”

Iyakar maganar ranar ke nan.

Labarin Esther kuwa wurin Badamasi Baiwa ta ji shi, don shi ke gyara wa nas ɗin babur. Ta nemi izinin goggo, ranar Talata ta ɗora Hassana a babur ɗin ɗanta suka tafi makarantar da nas take. Esther ta ce yarinyar ba ta cikin lissafinta, amma za ta riƙa ganinta in ta gama da sauran. Sannan ta tambaya, cikin ladabi, yadda aka yi makarantarmu ta ce ba ta da kowa.

Washegari Baiwa ta kawo mini abinci da kanta, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye, ta gaishe ni har ƙarshen gaisuwa.

“Hedimasta, ashe takarda ta zo.”

Na ce ta zo.

“Da ka aika an kira ni. Ban iya rubutu ba, amma na san su.”

Ba ta ƙara ba, ban kuma taɓa jin ta faɗa wa kowa ba. Da ta zage ni, da na samu abin riƙewa.

Sai bayan shekara ɗaya da rabi irin takardar ta sake zuwa. Wannan karon na ɗauki biro na yi taku talatin ɗin. Tana juya tukunya tana kiran sunaye, ina rubutawa a bayan ambulan, har goma sha huɗu. Na ce biyar daga ciki sun bar makaranta, takardar kuwa waɗanda ke nan take nema. Cikin biyar ɗin akwai Kamilu. Ubansa ya gaji da kiran da muke masa kan gudun aji, ya cire shi, ya haɗa shi da wani mai mota zuwa kudu. Baiwa ta ce in rubuta su duka, ko za su dawo su tarar da wurinsu. Na rubuta goma sha huɗu. Ƙarya ta biyu ke nan da na yi wa ofis.

Yanzu Esther na zuwa mana ranar Alhamis, a ɗakin ajiyar da na gama dubawa. Hassana tana aji shida. Zangon da ya wuce malaminta ya rubuta mata “surutu ya yi yawa”, na sa hannu ban ƙara komai ba. Tana cinye abincinta, sai ranar Juma'a da takan rage loma ɗaya a gefen dama.

Ciwon gwiwa ya ajiye Baiwa bara. Tana zaune a gidan Badamasi tana ƙulla daddawa, in na samu hali nakan leƙa. Takan tambayi iyali, da malamai, da ko sabuwar mai girki tana barin wake ya nuna. Daga nan sai ta tambaya ko an ji labarin Kamilu. Ban ji ba.