Malam Ajiye-Biro: Shekara Goma Sha Ɗaya

Da shigowar daminar nan, shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Malam Sale makwancinsa. Ciwon hanta ne, bai cika wata biyu a kwance ba. Ya bar mata da 'ya ɗaya, Kaltume, mai shekara takwas, sai akwatin ƙarfe cike da littattafan da ya rubuta da hannunsa a shekara ashirin da ya yi yana koyar da Turanci a nan Potiskum. Matar ta sake aure a Fika. Yarinyar da akwatin suka dawo hannuna a unguwar Hausari, ni ƙaninsa da ban san komai ba sai sayar da iri da takin zamani.

Waɗanda suka bi ta ajinsa ba su san shi da Sale ba, Malam Ajiye-Biro suke ce masa. In zai yi musu gwajin jarrabawa, sai ya tuɓe hularsa ya bi tebur-tebur yana karɓe biro, ya rungume hular a ƙirji har minti goma su cika. A mintin goman nan ba rubutu, sai karatu. Ya ce a fara da tambayoyin kafin labarin da aka bayar, don wanda ya san abin da ya je saye ba ya yawo a kasuwa. Tambayar da ta yi tauri a wuce ta, a dawo mata daga baya. Yara suna ƙunƙuni wai yana cinye musu lokaci, shi kuwa sai ya ce sauri kan haifi nawa. Ni ma na sha tsokanarsa cewa hularsa ta fi kansa aiki.

Sunayen adon magana na Turanci, waɗanda ke firgita yara, shi bai ɗauke su dodo ba. Ajinsa cike yake da 'ya'yan Ngizim da Karekare da Bolawa da Fulani, waɗanda Hausar ma aro suka yi, balle Turanci. Sai ya tura kowa gida ya ɗauko zagin da kakarsa ke yi masa. Wadda ta ce kana ci kamar fara, ta yi simili. Wadda ta ce kai fara ne, ta yi metafo. Direban tirela da ya ce motarsa ta tashi da fushi yau, ya mai da ƙarfe mutum, kuma wannan ma yana da sunansa a takardar jarrabawa. Yakan ce Bature suna kawai ya raɗa, abin kam tun a goye muke jin sa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wata jarrabawar a gaban kwamfuta ake yin ta, agogo na gudu a kusurwa, ba biron da za a karɓe. Amsoshi na yawo a waya tun kafin a buɗe takarda, rabinsu ma na ƙarya. Kwamfutar ba za ta dame shi ba, na tabbata zai sa yara su rungume hannu su karanta tukuna. Wayar ce za ta karya masa zuciya. Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da zai ce da ni.

Akwatin nan na kulle shi ranar sadakar bakwai, na tura ƙarƙashin gado, na ce ajiya maganin wata rana. Gaskiyar ita ce ba na iya kallon rubutunsa. Kaltume ta roƙe ni in buɗe mata tana aji shida na firamare, na ce ta yi ƙanƙanta, za ta yayyaga. Ta sake roƙo tana aji uku na sakandare, na ce sai ta zo jarrabawar fita. Da ta zo, kasuwa ta sha min kai, ita kuma ta daina tambaya. 'Yar malamin Turanci ta faɗi Turanci sau biyu. Duk sauran darussan ta ci, makarantar koyon jinya da take burin shiga tana jiran wannan ɗaya tak, kuma ta ce daga na uku ba za ta sake zama ba.

Sai na je na nemo hanya. Wani abokin ciniki ya ba ni labarin wata makaranta a wani ƙauye inda ake rubuta wa yara amsa a allo. Na dawo gida ina jin na yi dabara, na faɗa mata. Sai ta ce, "Baffa, in can za ka kai ni, gara in haƙura da jinyar. Ka ba ni littattafan Baba kawai." Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba.

Na jawo akwatin. Gindinsa ya yi tsatsa ya huje, gara ta shiga ta nan, ba mu san tun yaushe ba. Da na ɗaga murfin babu littafi ko ɗaya, sai ƙasa ja da 'yan wayoyin da ke ɗaure shafuka. Kaltume ta sa hannu tana tonawa ko za ta samu shafi guda. Ba ta yi kuka ba, ni na yi. Gara ba ta da laifi, cin takarda sana'arta ce. Makullin yana aljihuna shekara goma sha ɗaya.

Da labari ya kai ga wata tsohuwar ɗalibar Yaya Sale, Malama Hauwa, da ke koyarwa a unguwar Yerimaram, sai ta aiko a turo mata yarinyar. Wata uku Kaltume tana hawa keke napep zuwa can bayan la'asar. Abin da malamar ta riƙe ta ba ta, wanda ta manta ta tambayo abokan karatunta, har suka cika littafi guda. Ashe akwatin da ya fi ƙarko shi ne kawunan mutanen da ya koyar. Kaltume ta zauna jarrabawar a garin nan, a zauren da kowa ke zama. Sakamako bai fito ba tukuna, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙaryar cewa hankalina a kwance yake ba.

Dabarunsa sun rayu, na gani da idona, suna ajujuwan da bai taɓa shiga ba. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya sa wannan ya zama sadakarsa mai gudana. Amma akwai abin da ɗalibai ba za su iya mayar wa 'yarsa ba. Ranar da ta gama takardar ƙarshe, muna cin tuwo, ta ce, "Baffa, rubutun Baba manya ne ko ƙanana?" Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ga ni ma na manta.