Tattabarun Baba Ma'aruf da Jirgin da Ba a Gani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 6 ga Jumada Ula 1447, daidai da 28 ga Oktoba 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Ma'aruf Yunus Hausawi a gidansa da ke unguwar Shisha, nan Makka, bayan ciwon zuciya da bai ba shi dogon lokaci ba. Ina cikin bas daga unguwar Kudai matata Ummulkhairi ta kira ni, ta kasa haɗa magana, sai "Baba, Baba" kawai take faɗi. An sallace shi a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Shara'i. Ya bar matarsa Hajiya Safiyatu, da 'yarsa Salwa, da ɗansa Hisham, da mu ɗaliban ilimi 'yan Najeriya da ya riƙe kamar shi ya haife mu. Hisham bai samu jana'iza ba. Yana bakin aiki a wani sansani can kudu kusa da iyaka, aikin da ba a tashi daga kujerarsa sai wani ya zo ya zauna.

Baba, yau da kai zan yi magana, domin akwai saƙon da ka ba ni, ban kuma samu kawo maka amsarsa kana raye ba.

Na san ka tun shekarar da na zo daga Zariya karatun hadisi, na kama ɗaki a ƙasan gidanka. A Makka aka haife ka, amma kakanka da ƙafa ya taso daga Sakkwato, kuma Hausar da ya zo da ita ce ta zauna a bakinka, ta gauraya da Larabcin Hijaz. Idan ka ce "munka tafi" ko "anka yi", sai in yi dariya in ce ko a Sakkwaton yanzu sai an tona kafin a sami irin taka. Kai kuma ka ce Bazazzagi ba shi da bakin gyara wa kowa Hausa. Da wannan tsokana muka fara, muka zama 'yan uwa.

Alherinka ba ya ƙirguwa, amma ɗaya ba zai fita raina ba. Ranar takwas ga Zulhajji naƙuda ta kama Ummulkhairi, an rufe hanyoyi, Shisha ta cika maƙil da alhazai masu tafiya Mina. Na tsaya a ƙofar gida ina salati, na rasa inda zan sa kaina. Ka sauko da jallabiya ko hula babu, ka tayar da tsohuwar motarka, Hajiya Safiyatu ta rungume ta a baya, ka bi ta lungunan da ban taɓa sanin mota na shiga ba, har asibiti. Ka zauna a benci har aka ce an sauka lafiya, sannan ka kalle ni ka ce, "Ya ustaz, kai ne ka fi mai haihuwar zufa." Haka kake da kowa. In na'urar sanyaya ɗakin ɗalibi ta mutu a tsakiyar zafi, kai ake nema, ka zo da jakar kayan aikinka, ka gyara, ka sha shayi, ka yi wa mai ɗakin faɗan ƙazanta, ka tafi.

Aikin da ka yi har ka yi ritaya shi ne gyaran radar, na'urar da ke hango jirage tun suna nesa. Takan aika igiyar rediyo, mu ce wani irin sauti da kunne ba ya ji, ya bugi jirgi ya dawo, sai jirgin ya fito a allo kamar ɗigon haske. A saman benenka ka koya min wannan, bayan la'asar, kana watsa wa tattabarun Harami alkama. Ka ce abin da ya fi wahalar da ku a farkon aikinku shi ne tsuntsaye. Garke guda in ya tashi sai allo ya cika da ɗige-ɗige, mai tsaro ya rasa na gaske. Saboda haka rabin gwanintarka ita ce daidaita na'ura ta kau da kai daga duk abin da bai fi tsuntsu ba. Kana alfahari da wannan. Kakan nuna tattabarun ka ce, "Waɗannan ni na ba su izinin wucewa."

Ni mutum ne matsoraci, duk unguwa ta sani. A shekarun da labarin makamai masu linzami ya yi yawa, da zarar na ji wani abu a rediyo sai in hau bene wurinka. Ba ni kaɗai ba, har ɗaliban unguwar Ka'akiyya sukan zo. Sai ka zuba mana gahawa ka ce, "Ku kwanta ku yi barci. Sama tana da Ubangiji, tana kuma da masu gadi. Babu ƙarfen da zai ratso ba a gan shi ba." Mukan sauko zuciya a kwance. Da wannan tabbacin ne ka ja Hisham cikin aikin, ka riƙa kai shi ganin jirage yana ƙarami, har ya girma ya zama mai zama gaban allon da kai ka yi rayuwarka kana gyarawa.

A ƙarshen Disambar 2024 ne abin ya juya. Wani ɗan bidiyo ya bazu a wayoyi, an ce an ɗauke shi a ƙasar Sin: wani jirgin yaƙi baƙi, shimfiɗaɗɗe, mai kusurwa uku, ba shi da jela. Masu sharhi suka yi ta magana, wasu na cewa injinansa uku ne, wasu na cewa zai yi nisan da ba a saba gani ba, Sinawa kuma ba su ce komai a kai ba. Larabawa suna kiran irin waɗannan jirage shabah, wato fatalwa. Na hau da wayata ina dariya na ce, "Baba, ka ga Sinawa sun yi wa jirgi layar zana." Ka karɓa, ka sa tabarau, ka maimaita kallo har alkamar da ke hannunka ta zube. Ba ka yi dariya ba. Tun da na san ka, ranar ce farkon da na yi tsokana ba ka rama ba.

Da ka buɗe baki ka yi min bayani a hankali, kamar mai karanta sakamakon asibiti. Jela ita ce ke tona asirin jirgi, domin a kanta sautin na'ura yake buguwa ya dawo; wannan an cire masa. An ƙera jikinsa yadda sautin zai zame ya tafi wani gefe, an shafe shi da wani fenti mai shanye saura. Makamansa a cikin cikinsa suke, ba a rataye a fiffike ba. Na ce to ba ya fitowa ke nan sam? Ka ce, "Yana fitowa, ya waladi. Yana fitowa kamar tattabara." Na ce ai tattabara ba ta gudun jirgi, gudun kaɗai zai tona shi. Ka gyaɗa kai ka ce haka ne, amma kafin ɗigon ya yi ƙarfin da mai tsaro zai yarda da shi, jirgin ya riga ya saki abin da ya ɗauko tun daga nesa, ya juya. Sannan ka faɗi maganar da har yau take hana ni sakewa: "Abin da munka koya ma na'ura ta ƙyale, shi ne kayan da sunka sa mai. Kuma in yaƙi ya tashi, ido ake fara tsolewa. Idon kuwa Hisham ne."

Na yi ƙoƙarin kwantar maka da hankali da abin da na iya. Na ce mu ina ruwanmu da Sin, ba gaba tsakani, ga nisa. Ka ce makami ba ya zama gidan maƙerinsa, yau ana nuna shi a bidiyo, gobe ana cinikinsa, jibi wani ya kwaikwaya. Na ce ko ba komai muna garin da Allah ya kare da tsuntsaye ranar da aka zo da giwa. Ka yi murmushin da ban so ba, ka ce, "Sadaƙta, ya ustaz. Ɗaki yana da Mai shi. Ni ɗana nike ji."

Daga nan na ga tsoro yana cin ka a tsaye. Duk sabon hoton jirgin da ya fito sai ka sa Salwa ta buɗe maka, ka faɗaɗa shi da yatsu kana duba bakin injin. Lokacin da yaƙi ya yi zafi a yankin nan, mutane suka hau bene kamar yadda suka saba, ka zuba gahawa, amma ba ka ce kowa ya je ya yi barci ba. Muka sauko jiki ba ƙwari. Sannan ka daina watsa alkama. Tattabarun suka ci gaba da zuwa suna jeruwa a kan katanga, kai kuma ba ka da ikon korarsu, domin a cikin Harami ba a firgita tsuntsu. Sai ka zauna kana kallonsu suna kallonka. Hajiya Safiyatu ta ɗauka tsufa ne. Ni na san duk wadda ta ɓullo daga bayan dutse sai gabanka ya faɗi.

Makonni kaɗan kafin rasuwarka ka kira ni, ka rufe ƙofar bene. Ka ce Hisham zai zo ijaza, wato hutu, a ƙarshen wata, kana so in roƙe shi ya nemi canjin aiki, ko ofis, ko koyarwa, ko ma ya bari gaba ɗaya. Na ce me zai hana kai ka faɗa masa? Ka ce, "Da wane baki? Ni na kai shi. Ni na ce mai babu aikin da ya fi gadin sama daraja. Kai malaminsa ne, a gabanka ya gyara karatunsa, yana jin kunyarka. Kada ka ce ni na aiko ka. A'a, ka faɗa. Khalas, ka faɗa mai tsohonsa ya ji tsoro." Na ga hawaye a gemunka. Na yi alkawari.

Hisham bai zo hutu ba, Baba, zaman makokinka ya zo. Na bari har aka gama karɓar gaisuwa, aka kwashe kujeru daga bakin titi. Da safe na same shi a saman bene, ya samo buhun alkamarka a bayan tankin ruwa yana watsawa, tattabaru sun rufe ƙafafunsa. Na faɗa masa komai yadda ka faɗa, ban rage ba. Shi kuwa bai ko ɗago ba.

Da Hausarsa da Larabci ya cinye rabinta ya amsa min. "Ya ustaz, na sani. Tun bara duk Juma'a sai Abuya, Allah ya ji ƙansa, ya kira ni, ba ya tambayar ci, ba ya tambayar aure. Su'ali ɗaya: Hisham, kana kallon tsuntsaye?" Ya sake watsa alkama. "Abin da ya sani game da jirgin nan mu ma ana koya mana, har da abin da ba zan iya faɗa ba. Tsoronsa sahih ne. Amma in na tashi, wani ne zai zauna a kujerar, shi ma yana da uba. Gara ni, da aka koya min in duba tattabara sau biyu."

Na roƙe shi da girman mahaifiyarsa, na roƙe shi da girman kabarinka da ko bushewa bai yi ba. Ya sumbaci kaina kamar yadda 'yan nan suke yi wa manya, ya miƙa min buhun, ya ce in riƙa hawa ina zuba musu. Bayan azahar ya yi sallama da Hajiya, ya ɗauki jakarsa. Na raka shi har inda ya shiga mota, na tsaya ina kallo har ta sha kwana.

To Baba, ga amsar saƙonka. Na isar, bai karɓa ba. Ban ga laifinsa ba, kuma na san da kana nan da ka ji daɗin maganarsa ko da zuciyarka tana tsinkewa, domin tarbiyyarka ce ta yi magana. Sai dai tsoron da ka ɗauka kai kaɗai yanzu ya dawo kaina. Ni ne nake hawa bene bayan la'asar. Ni ne nake buɗe kowane sabon hoton jirgin nan, alhali ban san abin da nake dubawa ba. In wayar Hajiya ta yi ƙara a sama, daga ɗakina nake kasa kunne. Jiya wasu ɗalibai suka zo daga Ka'akiyya suna tambaya ko labarin da ake ji zai iso nan, na zuba musu gahawa, na buɗe baki in faɗi abin da ka saba faɗa, ya ƙi fitowa.

Ya Allah, ga bawanka Ma'aruf ɗan Yunus, maƙwabcin Ɗakinka tun haihuwarsa har mutuwarsa. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ya kwantar da hankalin bayinka shekara da shekaru, ka kwantar masa da nasa, ka sanya shi cikin waɗanda babu tsoro a kansu kuma ba su yin baƙin ciki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Safiyatu, da Salwa, da Hisham, da dangi na Shisha da na Sakkwato, da duk ɗalibin da ya taɓa shan inuwar gidan nan. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu zuwan.

Addu'a ɗaya ta rage, Baba, wadda na san ita ce ka mutu da ita a bakinka, zan ci gaba da yi a madadinka. Allah ya tsare Hisham a kujerarsa, ya buɗe masa ido. Allah ya sa duk ɗigon da zai fito a allonsa, yau da gobe har ranar da zai yi ritaya, ya zama tattabara ce kawai.