Zanen Zulaiha

A shekarar 1974 Jika masaƙi ya fara ganin Baturiyar, cikin watan da ya kamata a ce ana sharar gonaki, amma saboda yunwa babu mai ƙarfin ɗaga kalme. Ta zo ƙauyensu, can bayan Tabotaki, a motar dispansar, ƙaramin asibitin mishan, tana auna yara a ma'auni mai ƙugiya irin na masu sayar da albasa. Sunanta Mairi. Kafin la'asar mata sun mai da ita Mairo, ta kuwa amsa.

Da ta gama aiki ta biyo ta ƙofar gidansu Jika, sai ta tsaya. Akwai zane shanye a kan danga, sabo fil, kwana biyu da gama ɗinke shi. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta kwance ƙyallen da ke wuyanta ta shimfiɗa kusa da shi. Launi ya bambanta, nata kore ne da shuɗi da ɗan rawaya, amma dabarar ɗaya ce: ratsi ya miƙe, ratsi ya gitta, inda suka haɗu ido ya fito. Ta bakin tafinta ta ce ita mutuniyar Ekos ce, arewa da Ingila, kuma a can dangi da dangi kowa da irin ratsinsa, tartan suke ce masa. Wannan na gidan kakanta ne. Ta ce gidan ya watse tuntuni, wasu sun ƙetare teku, kangon ma ciyawa ta rufe, ƙyallen ne ya rage suna gane juna da shi.

Jika bai yi mamaki ba. Tsofaffin gidajen da suka sauko daga kan dutse kowane da ƙirgensa, kuma nasu na gidan Barmo shi ne baƙi takwas, fari biyu, shuɗi takwas, ja ɗaya, a tsaye da a kwance. Jan nan guda tun zamanin da ba a salla a gidan yake. Ba a ƙara faɗin dalilinsa, amma ba wanda ya taɓa cire shi. Kowace ɗiyar gidan da zanen take tafiya ɗakin miji, da shi take goyon fari, ran da ta cika kuma shi ake rufa wa makararta. Duk wannan ya gaya wa Mairo. Abin da bai faɗa ba, zanen da ke kan danga na ƙanwarsa Zulaiha ne, wadda saura kwana ashirin a kai ta Tamaske gidan wanda take so, kuma da audugar ƙarshe da fadamarsu ta bayar uwarsu ta kaɗa zarensa.

Mairo ta tambaya ko zai saƙa mata irinsa. Ya ce babu auduga. Ta yi godiya ta shiga mota.

Bayan kwana uku Jika ya naɗe zanen ƙarƙashin riga, ya taka da ƙafa har dispansar. Ya dawo da buhu biyu na dawa a kan jakin aro. Baki goma sha ɗaya ne a gidan, kuma dawar nan ce ta kai su har ganyen tafasa ya fito da damina.

Zulaiha ba ta yi kuka ba. Ta same shi a gindin masaƙa ta ce, "Da ka tambaye ni, Yaya, da ni da kaina na naɗe ma shi."

Ya ce da kaka zai saƙa mata wani. Ta ce to.

Yana cikin masu rakiya ranar da aka kai ta, kuma da kunnensa ya ji uwar mijin tana tambayar mata ko a tasha aka tsinto amaryar, tun da ba ta da zanen gida.

Da kaka babu auduga. Wata shekarar uwarsu ta rasu, ba mai kaɗi. Sai Jika ya bi samari cin rani, Abijan sau huɗu, Ikko sau biyu, kafin ya dawo ya zauna atamfa ta cika kasuwa, masaƙa duk sun koma noman albasa ko gadi a birni. Zulaiha ta goyi Mahfuzu, ɗanta na fari, da atamfa kamar kowa. Ita da Jika suna haɗuwa wajen suna da wajen gaisuwar mutuwa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta aiko masa da fura, ba ta taɓa ta da maganar ba. Da ta tayar, da ya fi masa sauƙi. Wani lokaci yana noma sai ya tuna cewa ƙirgen gidan Barmo yana can shimfiɗe kan wani gado a ƙasar sanyi, wajen mutanen da ba su san zanen ɗiyar wa ba ne.

Haka shekara hamsin ta wuce. Matarsa ta rasu. Ƴaƴansa maza biyu, ɗaya a Libiya ɗaya a Agadas, sai da salla suke kira. Gidan da ya ci buhu biyu na dawa ya koma mutum ɗaya da akuya.

Bayan girbin 2024 Mahfuzu ya iso kan motonsa mai ƙafa biyu, ya zauna bakin tabarma, ya daɗe yana gaisuwa.

"Kawu, Inna ta faɗi, hawan jini. Ta tashi, tana ci, tana ɗan takawa, hannu ɗaya dai ya shanye. Amma sunaye na zube mata. Jiya ni ma sai da ta tambaye ni ɗan wa."

Washegari Jika ya jawo itatuwan masaƙa daga ƙarƙashin rumbu. Gara ta ci rabi, ya sassaƙa sababbi. Ranar kasuwar Madawa ya je wajen masu kayan teloli ya sayo zaren kanti, baƙi da fari da shuɗi. Jan da suka nuna masa ya yi ƙyalli kamar na rigar ƴan ƙwallo, don haka ya ƙara fari, ya roƙi karan dafi wajen dukawa, ya rina da kansa.

Sai da ya zo yin wadari, yana jera zaren tsaye tsakanin turaku, ya gane idonsa ba ya raba baƙi da shuɗi.

Gajere ne ya same shi a haka, tsohon mahauci, taubashinsa, wanda tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Mi kake yi, makaho? Gizo-gizo ya ɗauke ka aiki?"

"Zamna ka yi amfani sau guda kahin ka mutu. Wanga baƙi na ko shuɗi?"

"Shuɗi na."

"Ka tabbata?"

"Ni jini da kitse na sani, Jika. Amma wanga ko akuyarka ta san shuɗi na. Wa za ka saƙa wa? Ka samu bazawara?"

"Zulaiha."

Gajere ya matso kusa. Ya ja kujera ya riƙe bakin zaren.

Suka yi dabara. Ƙoshiyar baƙin zare, ɗan itacen da yake jefawa ya gitta zaren da shi, a kwanon ƙarfe take zama, ta shuɗi a akushi, in Jika ya ajiye ɗaya kunnensa ya gaya masa wadda ya ajiye. Saura ƙirge. Zanen ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi, kowace faɗin tafin hannu, goma sha biyu, kuma sai ratsin kowace ya haɗu da na ƴar'uwarta in an ɗinke. Zare ɗaya ya ɓace a ƙirge, ido ya karkace har ƙasa. Ga shi masaƙar a bakin hanya take. Duk mai wucewa sai ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya tambayi labarin na Libiya. In Jika ya amsa, ƙirge ya tafi, sai warwara. In bai amsa ba, a ce tsufa ya sa masa girman kai. Kwana biyu Gajere yana amsa masa. "Lahiya lau yake, ƙirga yake, ku wuce." Da abin ya ƙi, Jika ya mai da masaƙar bayan rumbu inda ba mai bi. Can yake wuni daga hantsi zuwa la'asar, shi da ƙarar kwano da akushi, wata rana ba ya furta komai sai lambobi da salla.

Gajere kan leƙo da wayarsa in Mahfuzu ya kira. Yau da sauƙi. Yau ba ta ci ba. Rannan ya tsaya a kansa ya ce, "In ta riga ka hwa?"

Jika ya jefa ƙoshiya. "Ka ɓata min ƙirge."

Wata uku da kwana tara ya yi. Da ya jera ƙwaryoyin a tabarma ya bi su da babban yatsa, ya ji wuri biyu da ratsi bai haɗu ba, kamar faɗin ƙwayar gero uku. Zare ya ƙare, kuma kiran Mahfuzu na ƙarshe bai yi daɗi ba. Ya ɗinke a haka.

Ɗan kabu-kabu ya sauke shi Tamaske ana shirin azahar. Zulaiha na zaune a rumfa, ta jingina da bango, ta ƙanƙance. Salma, matar Mahfuzu, ta sunkuya kusa da kunnenta.

"Inna, ga Kawu Jika ya zo."

Zulaiha ta dube shi da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, Malam. An sha hanya."

Ya amsa. Ya warware zanen ya ɗora mata a gwiwa. Ta shafa shi sau ɗaya, sai yatsanta ya fara bin ratsin, leɓenta na motsi. Takwas, biyu, takwas, ɗaya. Ta bi har ta iso ɗinki na huɗu, ta tsaya.

"Wa ya saƙa wannan?"

Salma ta buɗe baki, Jika ya ɗaga mata hannu.

"Wani tsoho ne, can wajenmu."

"Ya yi ƙoƙari," in ji Zulaiha. "Ƙirgenmu ne, bai manta jan ba. Amma ga shi nan ya karkace. Yayana ba ya karkacewa. Da shi ne, ko da allura ba za ka ga inda aka haɗa ba."

Ta ja zanen ta yafa a kafaɗa, ta tattare bakinsa a ƙirji da hannunta mai lafiya.

"Salma, ki ba baƙo ruwa mana."

Jika ya karɓi kwanon ya sha. Ya zauna gefen tabarma har aka kira salla, sa'an nan ya tambayi Salma ta ina masallaci yake.