Mudun Gero da Motar Duma

Ko zan manta ranar da na buɗe shagona, ba na jin zan manta ranar da mudun gero ɗaya ya kusa hana wani dattijo tseren da ya yi wata biyu yana shiri dominsa, kuma ni ne sanadi. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau idan na ga mai awo ta kewaya hannu a bakin mudu, sai kunyar ta dawo mini sabuwa fil.

Ni mai gyaran waya da rediyo ne a Gwandu. A lokacin mun kafa wata 'yar ƙungiya ta masu wasa da motocin rimot, ƙananan nan masu batir da ake tuƙawa daga nesa. Kada mai karatu ya ɗauka yara ne. Dukkanmu magidanta ne, da malamin makaranta, da mahauci, da mai sayar da kayan gini, wasu a Gwandu wasu a Kalgo. Matanmu sun yi mana dariya har sun gaji sun ƙyale mu. Filin tserenmu wani dandamalin siminti ne a Kalgo inda ake shanyar shinkafa. Idan an kwashe shanya sai mu jera tsofaffin tayoyin babur mu fitar da hanya mai kwana-kwana.

Da farko kowa da irin motarsa yake zuwa. Wani tasa mai manyan tayoyi ce da ke haye komai, wani ya ƙara batir na biyu, mahaucinmu kuwa ya dinga cire sassan tasa don ta yi sauƙi har ta koma kamar figaggiyar kaza. Duk tseren da aka yi da musu yake ƙarewa, mutanen Kalgo su ce an cuce su, mu na Gwandu mu ce ai dama masu cin kifi ba su iya tuƙi ba. Da abin ya fara wuce wasa, sai aka ce a zauna a fitar da aji guda mai doka, na motocin alfarma masu ƙofa biyu, irin na doguwar tafiya. Aka naɗa ni sakatare, saboda an san halina. Ni mutum ne mai son a rubuta abu a bi shi, kuma ba na musun cewa a wancan lokacin son ya yi mini yawa.

A ƙarshen damina muka yi zaman, a inuwar darbejiya kusa da dandamalin. Muka amince mota ta kasance mai rufi, ta yi kama da motar gaske, tayoyinta kada su leƙo waje da jikinta, inji iri ɗaya, batir iri ɗaya. Aka zo kan nauyi, don kada a sake ganin figaggiyar kaza. Mai kayan gini yana da tsohon sikeli mai faranti biyu, sai dai duwatsun awonsa sun ɓace tuntuni. Wani ya ce to a yi da abin da kowa ya sani. Aka kawo mudu aka cika da gero, aka sa sanda aka shafe bakinsa sumul, aka juye a 'yar jakar yadi aka ɗinke. Duk motar da jakar nan ta rinjaya ba za ta shiga tsere ba. Ni da kaina na ƙara cewa bayan an ɗora mota a sikeli ba ƙari ba ragi, kuma na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Jakar a hannuna aka bar ta.

Babba a cikinmu wani dattijo ne na Kalgo, dukkanmu Baba muke ce masa. Ya yi tuƙin babbar mota a ƙuruciyarsa, da ya ajiye sai ya koma noman shinkafa da sana'ar gidansu, fafe duma da gyaran ƙwarya da goran masunta. Ɗansa ne ya aiko masa da inji da tayoyi da rimot, amma ba jikin mota. Da samarin cikinmu suka ce sai jikin roba na kanti, Baba ya juyo ya dube ni yana murmushi.

"Sakatare, kun ce mota ta yi kama da mota. Ba ku ce da mi za a yi ta ba. Ni da duma na saba."

Na duba takardata sama da ƙasa, ban ga inda aka hana ba, dole na ce ya halatta. A wajen nan ne kuma ya faɗa mana abin da ya sa jikin kowa ya yi sanyi. Idonsa ya fara tafiya, likita ya ce masa ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa a hankali. Ya ce yanzu ma idan mota ta kai kwanar can ta nesa inuwa kawai yake gani, don haka tseren bayan kaka shi ne nasa na farko a wannan aji, kuma a ganinsa shi ne na ƙarshe. Ya faɗi haka yana dariya, mu ne muka kasa tayawa.

Na je gidansa sau biyu a cikin watannin nan, na gyara masa wayoyin inji. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ya zaɓi dogon duma ya raba, ya fitar da gaba mai kwantawa da rufi da baya, ya zana ƙofofi da fitilu da ƙarfe mai zafi yadda ake yi wa ƙwaryar amarya. Rufin kuma ya goge shi da farar ƙasa har yana ɗaukar ido, don ya riƙa hango ta daga nesa. Yana da nasa shafaffen mudu na gero a gefe, ya rataye sanda da igiya, yana kankare cikin duman kaɗan-kaɗan yana gwadawa, har mota da gero suka tsaya daidai. Na ce masa ya bar 'yar rara mana. Ya ce direba ba ya ɗaukar kayan da ba a ɗora masa ba.

Saura kwana uku tsere, na janyo jakar daga ƙarƙashin kanta a shagona, na tarar ɓera ya huda ta, gero ya zube rabi. Abin da ya kamata shi ne in kira mutane biyu in nuna musu, a sake awo a gabansu. Amma ni ne fa mai ja layi biyu, yaya za a ji ɓera ya cinye dokar ƙungiya a hannuna? Sai na lallaɓa kasuwa wajen wata mai awo, ƙawar mahaifiyata ce. Ta cika mudu ta yi masa tozo, ta kewaya hannu a bakinsa ta ƙara zubawa, yadda ake yi wa ɗan gida. Na ga tozon da idona. Na ce a raina ɗan wannan me zai yi, na zazzage ragowar tsohon geron, na juye sabon duka a jakar, na ba tela ya ɗinke, na kama bakina.

Ranar tsere muka cika ƙaramar bas daga Gwandu da safe. Muka tarar an share dandamali, an jera tayoyi, mutane sun taru har da masu leƙe ta kan katanga. Na zauna a gaban sikeli da takarda da biro ina hura hanci. Mota bakwai suka wuce lafiya, domin jikin roba da ƙarafunansu sun ba su rara mai yawa. Har ta mahauci ta wuce, ya mayar mata da fuka-fukanta.

Baba ya zo ƙarshe da tasa a naɗe cikin tsohon rawani. Da ya buɗe, wurin ya ɗauki sowa. Kafin ya ɗora ta, ya ɗauki jakar geron ya ɗan jijjiga a tafinsa, ya mayar. Ya ɗora motar. Farantin gero ya sauka, motar duma ta tashi sama, ba da yawa ba, amma kowa ya gani.

Nan take malamin makaranta ya kawo bayani, ya ce ai duma ne, da ɗanyensa aka auna, yanzu rani ya shigo ya bushe ya rage nauyi. Kowa ya gyaɗa kai, magana ta yi ma'ana. Mutanen Kalgo suka ce a bar shi ya ɗaura 'yar ƙusa ɗaya a ciki, na Gwandu ma da yawa suka goyi baya, amma wani ya nuna layi biyun da na ja, ya ce idan aka karya yau gobe kowa zai kawo nasa uzurin. Murya ta fara tashi. Baba ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Dokar ga da ni anka yi ta. Ku yi tserenku, ni in zamna in yi kallo."

Ya sauke motarsa ya fara naɗe ta a rawanin, a hankali, yana gyara gefe-gefe. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon hannuwan nan ba. Na san dai an riga an ba ni mafita, laifi ya hau kan duma, ba wanda zai taɓa tambayata. Na kuma san idan ya gama naɗin nan, shi ke nan, idonsa ba zai jira wata shekara ba. Ina ƙaunar tsohon nan, kuma a wannan lokacin na tsani kaina ƙwarai.

Na miƙe na ce Baba ya dakata. Na faɗi komai, ɓeran, da mai awo, da tozon, da telan. Ban ɗaga kai ba har na gama. Sai mahauci ya fashe da dariya, ya ce ashe a Gwandu har ɓeraye na zama a kwamiti. Dariya ta kama kowa, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka aika gidan mai dandamali aka kawo mudu. Aka farke jakar a gaban jama'a, aka cika, aka sa sanda aka shafe. Geron da ya rage a tabarma ya fi cikin tafi biyu. Baba ya warware rawaninsa ya sake ɗora motar. Farantan suka yi lilo, suka yi lilo, suka tsaya kai ɗaya kamar da zare aka daidaita su.

Bai ci tseren ba, kada in yi ƙarya. Na biyar ya zo cikin takwas. Sau biyu yana dukan taya a kwanar nesa, amma a kwanonin kusa, inda yake gani, ba wanda ya kai shi iya shiga da fita, hannun tsohon direba na nan. Farin rufin nan yana zagayawa, shi kuma yana tsaye ya karkata kai, bakinsa a buɗe don murna. Da motarsa ta ƙetare layi, mutanen Gwandu sun fi na Kalgo ihu.

Bayan an yi azahar, na same shi a gindin darbejiya yana goge motar, na durƙusa na ba shi haƙuri. Na ce da na yi shiru da duma ya ɗauki laifina. Ya dube ni da idanun nan da suka fara dushewa.

"Ɗana, duman ga tun bara ya bushe. Ni ba ni taɓa ɗanyen duma da wuƙa. Kuma shekara nawa ina awon shinkafa? Da na ɗauki jakar ga na san da tozo cikinta."

Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In na hwaɗi gaban mutane, wa za shi ƙara yarda da takardarka? Ita ta hana mu faɗa. Na ce in bar ka da zuciyarka, in ta tashe ka to, in ba ta tashe ka ba, tsere guda dai na rasa."

Tsere guda, in ji shi, alhali shi da ni mun san ba shi da wani. Hawaye kawai na ji suna zuba, ni da gemuna, a gaban motar wasa.

A zaman da ya biyo baya na nemi a sauke ni, aka ƙi, Baba ne ma ya fara ƙi. Muka sa maƙeri ya yanka ƙarfe biyu masu nauyin shafaffen mudu, ɗaya a Gwandu ɗaya a Kalgo, ana gwada su da juna kafin kowane tsere. Kafin damina ta zagayo idon Baba ya rufe. Har yanzu ana kawo shi dandamali, ya zauna ya riƙa gane motar kowa da ƙarar injinta, idan ya ji muryata kuma sai ya tambaye ni lafiyar ɓerana. Motar duma tana shagona a kan kanta, shi ya ba ni.

Abin da na koya a ranar bai wuce wannan ba. Na ɗauka layi biyun da na ja su ke riƙe da ƙungiyarmu, ashe wani tsoho ne da ya yarda ya rasa abin da ya fi so don ya rufa mini asiri. Tun daga nan, duk dokar da zan ɗora wa wani sai na fara duba abin da na zuba a nawa farantin, kuma idan na yi kuskure ina faɗa da wuri, kafin wani mai ƙaunata ya biya a madadina.