Gurbin Gawo a Zanen Malam Abdulgafar

Da an idar da sallar asuba, Malam Abdulgafar ba ya komawa ɗaki. Sanda yake ɗauka da goran ruwa, ya cusa 'yan tsummoki a aljihu, ya bi ta bayan garin Tanout ya nausa daji. Wata rana ya dawo da hantsi, wata rana sai bayan kwana biyu, in ƙafa ta kai shi wajajen Gangara. Ba ya tafiya da takarda ko fensir. Kallo kawai yake yi, sannan ya duƙa ya ɗebi ƙasar wurin ya ƙulle. In ya dawo sai ya shiga zauren da ya mayar ɗakin zane, ya daka ƙasar, ya tankaɗe, ya kwaɓa da ƙaron dakwara, ya zana wurin da ƙasarsa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan.

Rubutun allunan shaguna da na bayan motoci shi ne sana'ar da yake ci da iyali. Zanen daji kuwa ba wanda ya sa shi. Ni a ajin yaƙi da jahilci na san shi, ina da furfura nake koyon baƙaƙe, ranar da ya zo ya rataya mana zanen wata rijiya a bango. Tun daga nan nake zuwa zaurensa, yana aiki ina saurare.

Ƙa'idarsa biyu ce. Ba ya zana wuri sai ya taka shi da rani, ya sake taka shi da damina. Kuma abin da idonsa bai gani ba, ba ya sawa, ko da kowa ya rantse yana nan. Mutane sun yi ta yi masa dariya a kan wannan, har shekarar da manoma da makiyaya suka ja daga a kan wani burtali kusa da Ollelewa. Mai garin ya aiko aka ɗauki zanen da Malam ya yi shekara goma sha biyu kafin nan. Aka ga burtalin ya ratsa tsakanin aduwa biyu, aduwoyin kuma suna nan tsaye. Kowane ɓangare ya mayar da sandarsa, don sun san mai zanen ba ya ƙari. Kai ne, Malam, ka raba wannan faɗa kana zaune a zaurenka, ba ka ma sani ba sai da aka dawo maka da allon.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne idonsa. Na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma yanar ido tana ta rufe shi. Likita a Damagaram ya ba shi ranar aiki a farkon damina, ya kuma gaya masa gaskiya cewa ba tabbas idon zai buɗe. Sai Malam ya ƙi zuwa. Akwai wani kwari arewa da gari, Kwarin Anza, wanda rairayi ke cinyewa kowace shekara. Ya taka shi da rani, saura damina, ga ruwa ya yi jinkiri. Matarsa Radiya ta roƙe shi, ta turo masa ƙannenta, har ni ta tare a ƙofar gida ta ce in sa baki, tunda kullum ina zaune kamar turmi ba na cewa komai. Na yi magana. Ya ce in aka yi aikin ido bai buɗe ba, wa zai ga kwarin? Haka muka yi sati biyar muna duban gabas ko hadari zai taso, shi kuma kullum yana ƙara matso da fuska jikin allo.

Da ruwa ya sauka, Hamidu, wani tsohon makiyayi abokin yawonsa, ya riƙe masa kan sanda suka tafi. Kwana tara ya yi yana zanen. Ranar da ya gama, Hamidu ya tsaya ya daɗe yana dubawa: ga ruwa kwance, ga ciyawa, ga tudun rairayi ya leƙo. Amma a gefen dama an bar wuri fari.

"Malam, ina gawon? A gindinsa fa ka shanye mini nono."

"Jikinsa na dafa, Ɗan Fillo. Ban gan shi ba."

Hamidu ya ce to ya zana bisa shaidarsa, ai shi ya gani. Malam ya ce wanda ke ƙirga shanunsa da ƙari ba zai ba shi shaida ba. Suka yi dariya, ta Hamidu ba ta yi nisa ba.

Ranar Alhamis mai zuwa za a kai shi Damagaram. Radiya ta gama ɗaurin kaya, ta ce a cikin jakar ta tsinci tsumma uku, irin na ƙullin ƙasa, ta bar su.

Mun gode, Malam, mai zana ƙasa da ƙasarta. Ka ajiye mana rijiyoyin da rairayi ya binne, da itatuwan da gatari ya gama da su, ba ka taɓa ƙara mana ganye ɗaya don mu ji daɗi ba. Ku da idonku ke da lafiya, ku fita ku dubi bayan garinku da rani da damina, ku faɗi abin da kuka gani kawai. Ku kuma sa shi a addu'a ranar Alhamis. Allon yana nan jingine a zaure, ya hana a ɗauke, gurbin gawon yana jiran sa.